Me ke sa ƙwai zama baragurbi? Abincin kaji da ƙyanƙyasa a ƙasar Gidan Rumji

A ƙauyukan gundumar Gidan Rumji, daga Tsibiri zuwa Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa, da wuya ka shiga gida ba ka iske kaji suna tono a tsakar gida ba. Haka abin yake a Agye da Gazawa. Mafi yawansu na mata ne da yara, kuma su ne asusun da ake fara taɓawa idan yaro ya kwanta ciwo, ko baƙo ya sauka, ko hatsi ya ƙare a rumbu kafin kaka. Sai dai a gidaje da yawa garken ba ya ƙaruwa. Kukan da muka fi ji wurin masu kiwo, bayan na annoba, shi ne: "Ta kwanta kan ƙwai goma sha biyu, biyar kawai ta fasa."

Wannan asarar ta fi ƙwai bakwai. Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15 a zubi guda, ta yi kwanci kwana 21, sa'an nan ta yi wata biyu ko fiye tana yawo da ƴan tsaki kafin ta koma saka. Zubi uku ko huɗu ke nan a shekara. Idan zubi ɗaya ya lalace, kusan kashi ɗaya cikin uku na amfanin shekararta ya tafi.

Galibi akan ɗora wa kazar laifi, a ce ba ta iya kwanci ba. Amma yawancin ƙwan da ke zama baragurbi ya lalace ne tun kafin ta hau kansa. Ɗan tsakon da ke cikin ƙwai ba ya samun komai daga waje sai ɗumi da iska. Abincinsa, ruwansa, da abin da zai gina ƙashinsa, duk an riga an zuba su ciki ranar da aka saka ƙwan. Gwaiduwa tana haɗuwa a cikin kaza wajen kwana goma kafin ƙwan ya fito. Don haka abin da kaza da zakara suka ci a makonnin da suka gabata, da yadda aka ajiye ƙwan, su ne ke yanke hukunci.

Abin da tono ke bayarwa

Kajinmu da tono suke rayuwa, kuma abin da ƙasa ke ba su yana sauyawa da lokaci. Da damina akwai ƙwari, tsutsa, gara da ɗanyen haki, amma hatsi ya yi ƙaranci a gida, kuma wasu na ɗaure kaji ko su kulle su don kada su tone shuka. Da kaka abinci ya wadata: ana sussuka, ana shiƙa, tsaba ko'ina. Daga watan Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin bazara, ƙasa ta bushe ƙayau, babu ƙwaro babu ganye, sai ɗan abin da ya zube daga turmi. Garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba suna ɗan samun sauƙi saboda ganyen lambu, amma na tudu ba su da wannan.

Ke nan kaza na iya cika maƙoshinta kullum, amma jikinta na cikin yunwa. A bazara tana rasa abin gina jiki da ganye, a damina kuma tana rasa tsaba mai ba da ƙarfi. Aikin mai kiwo shi ne ya cike giɓin da lokacin ya bari.

Hatsi kaɗai bai isa ba

Abu huɗu jikin kaza mai saka ke bukata.

Na farko abinci mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara da dusarsu. Wannan shi ne wanda kowa ya sani. Jar dawa mai bauri kada ta yi yawa, domin baurin yana hana jiki amfana da sauran abincin.

Na biyu abin gina jiki, wato furotin. Kaza mai saka tana bukatar abincin da kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari nasa furotin ne. Hatsi da dawa suna da wajen kashi 10 zuwa 12 kawai. Tunkuzar gyaɗa kuwa, wadda mata ke samu bayan sun matse mai, tana da sama da kashi 40. Wake yana da fiye da kashi 20, amma sai an soya shi ko an dafa, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Garin busasshen kifi, fara da gara sun fi duka, saboda suna ɗauke da wasu sinadaran da tunkuza ba ta da su da yawa.

Na uku kalsiyam, wanda da shi ake yin ɓawon ƙwai, daga ɓawon kuma ɗan tsako ke jan abin da zai ƙarfafa ƙashinsa. Hatsi kusan ba shi da shi. Kazar da ta rasa shi sai ta riƙa cirowa daga ƙashinta, ɓawo ya yi siriri, wani lokaci ta saka ƙwai mai taushi, ko ta koma fasa ƙwanta tana sha. Ƙwai mai siririn ɓawo yana saurin bushewa a ƙarƙashin kaza, kuma ƙwayoyin cuta na shiga cikinsa da sauƙi.

Na huɗu bitamin, musamman na A, E da B2, waɗanda ake samu a ɗanyen ganye. Rashinsu na kashe ɗan tsako a cikin ƙwai ko da zakara ya yi aikinsa. Alamar da kowa zai iya gani ita ce launin gwaiduwa: idan ta yi fari-fari, kazar ba ta samun ganye.

Haɗin da za a iya yi a gida

A ɗauki mudu ɗaya, ko kwano ko gwangwani, a yi awo ashirin da shi:

Awo 12 na ɓarzajjen hatsi, dawa ko masara.
Awo 4 na dusa.
Awo 3 na dakakkiyar tunkuza, ko soyayyen wake da aka ɓarza.
Awo 1 na garin busasshen kifi ko busasshiyar fara.

A kowace tiya ta wannan haɗin a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da cikin hannu ɗaya na garin ganyen zogale da aka shanya a inuwa. Idan ƙuli-ƙulin da aka soya don mutane aka daka, ko kifin yana da gishiri, kada a ƙara wani. Gishiri mai yawa yana sa kaji zawo, yana kashe ƴan tsaki.

Ga kajin da ke fita tono, cikin hannu ɗaya ga kowace babbar kaza ya isa a rana, wato giram 30 zuwa 50. A raba biyu: kaɗan da safe don kada ta ƙoshi ta ƙi tono, mai yawa da marece, wanda kuma zai saba mata da dawowa akurki da wuri. Wadda aka kulle ba ta fita sai an ba ta ninki biyu, a rataya mata ɗanyen ganye: zogale, yakuwa, ganyen wake ko ragowar lambu. A zuba abinci a kasko ko akushi, kuma wurin ya wadata, in ba haka ba manya su cinye, ƙanana da zakara mai kawaici su tashi a banza.

Kalsiyam a ajiye shi dabam a wata sakaina, kaza ta ɗiba gwargwadon bukatarta. Ɓawon ƙwai a gasa shi a kasko, a daka, don kada ta gane shi ta koyi fasa ƙwai. Ƙashin da aka ƙona har ya yi fari aka daka shi ma yana aiki, haka ɓawon katantanwa. Ba a cuɗa shi da yawa cikin abincin gama-gari ne saboda zakara da ƴan tsaki ba sa bukatar irin wannan yawan.

Gara kyauta ce ga wanda ya iya kama ta. A cika tsohuwar tukunya da guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta da marece a inda gara ke fitowa, a yi mata inuwa. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a ɗauko a zazzage wa kaji. A yi nesa da rumbu da ɗakin kara.

Abu uku a kiyaye. Gyaɗa, tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, ta rage saka, ta kashe ɗan tsako a cikin ƙwai. Abin da aka tsince aka ce bai dace da mutum ba, bai dace da kaza ba. Anguryar da ake ba shanu da tumaki ba ta kaji ba ce, tana ɓata gwaiduwa, tana rage ƙyanƙyasa. Farar da aka kwaso daga gonar da aka yi wa feshin magani kuma ba a ba kaji. A haɗa abincin mako ɗaya ko biyu kawai, domin man da ya rage a tunkuza yana lalacewa cikin zafi.

Ruwa

Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kaji goma suna shan lita 2 zuwa 3 a rana, da bazara kuma har ninkin haka. Kazar da ta wuni ba ruwa cikin zafin Afirilu tana iya daina saka na kwanaki. Ruwan wanke-wanke da na bakin rariya ba ruwan sha ba ne. A samu kaskon ƙasa, a ajiye a inuwa, a wanke shi kullum, a sauya ruwan da rana tsaka idan ya yi zafi. Inda akwai ƴan tsaki, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Zakara rabin garke ne

Kaza tana saka ƙwai ko da babu zakara, amma irin wannan ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa ko za ta yi wata a kansa. Idan zakara ya taka kaza, ƙwan da za ta saka daga kwana na biyu yana iya ɗaukar iri. Jikinta kuma yana ajiye irin zakaran har wajen mako biyu, wani lokaci uku, amma ƙarfinsa na raguwa bayan mako na farko. Abu biyu za a ɗauka daga nan. Wanda ya aro zakara ya bar shi aƙalla mako guda kafin ya fara tara ƙwan kwanci. Wanda kuma ya sauya zakara don yana son irin sabon, ya jira mako uku, in ba haka ba ƴaƴan tsohon zai samu.

Zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10. Idan kaji sun fi haka, wasu ba za a taka su ba. Idan zakaru ne suka yi yawa, faɗa zai cinye lokacinsu, wannan ya hau wancan ya ture shi. Ƙarfin zakara yana tsakanin wata takwas da shekara biyu. Bayan shekara uku irinsa ya yi rauni ko da cararsa na nan. A duba ƙafarsa: mai kumburin tafi ko mai kircin ƙafa ba ya iya tsayawa a bayan kaza. Wanda ya yi ƙiba da hatsi zalla shi ma ragon barbara ne. Zakara nagari yakan kira kaji ga abinci ya bar musu, don haka a riƙa taɓa ƙirjinsa. Idan ƙashin ya fito kamar wuƙa, a ware shi a ba shi nasa.

Akwai wata al'ada da ke cin garke sannu a hankali. Idan salla ta zo ko bukata ta taso, babban zakara ake kamawa don shi ne mai kuɗi, a bar ƙaramin. Shekara ta zagayo, wannan ƙaramin yana taka uwarsa da ƴan uwansa. Haɗin jini ɗaya yana rage ƙyanƙyasa, yana kawo ƴan tsaki marasa ƙarfi. Maganinsa ba ya cin kuɗi: kowace shekara a yi musayar zakara da wani gida na wata unguwa ko wani gari. Baƙon zakara a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin kaji, kuma kada a saye shi a kasuwa lokacin da kaji ke mutuwa, komai arharsa.

Zafi ma yana raunana irin zakara. A watannin Afirilu da Mayu, da zafin jihar Maraɗi ke wuce digiri 40, barbara na raguwa. Rumfar zana da ruwa mai sanyi suna taimakawa, amma ba lokacin neman ƙyanƙyasa mai yawa ba ne.

Tsakanin saka da kwanci

A nan ne ƙwai mai kyau ke lalacewa ba a sani ba. Kaza na ɗaukar mako biyu ko fiye kafin ta gama zubinta. Ƙwai mai iri yana son a ajiye shi a sanyin digiri 15 zuwa 18, kuma kada ya wuce kwana bakwai. Idan zafin wuri ya haura wajen digiri 24, halittar da ke ciki ta fara motsi, amma ba ta samun daidaitaccen ɗumin uwa, wanda yake wajen digiri 37 da rabi. Da rana ta fara, da dare ta tsaya, har ta mutu. Shi ya sa ƙwan farkon zubi, wanda ya daɗe a gurbi cikin zafi, ya fi zama baragurbi.

A riƙa kwashe ƙwai kullum, a bar ɗaya a gurbin don kada kazar ta sauya wuri. A rubuta ranar kowane ƙwai da fensir ko gawayi. A jera su a kwano mai rairayi, tsinin yana ƙasa, a ajiye kusa da randa, inda ya fi sanyi a ɗaki. Ranar da kaza ta kama kwanci, a zaɓi sababbi a sa mata, tsofaffin a ci ko a sayar. Da ɗari ƙwan kwana bakwai yana da kyau, da bazara kada ya wuce kwana uku ko huɗu. Idan nata ba su kai ba, a cika da sababbin ƙwan wata kazar, a sa su duka rana ɗaya.

Kada a wanke ƙwan kwanci. Akwai wani siririn rufi a bayan ɓawo da ke toshe ƴan ƙofofinsa, ruwa na cire shi. A bar mai tsagewa, mai kashi, mai siririn ɓawo, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta. Ƙwai 8 zuwa 10 sun isa kazar gida. Wanda fiffikenta bai rufe ba yana yin sanyi, kuma tun da tana juya su, kowanne sai ya sami rabonsa na sanyin.

Gurbi ya kasance a inuwa, inda sauran kaji ba sa shiga su saka a kai. A zuba rairayi a ƙasa, ciyawa mai laushi a sama, a barbaɗa toka da busasshen ganyen dogon yaro. Da hunturu da bazara iska ta bushe, ƙwai na asarar ruwa da sauri, ɗan tsako ya manne da ɓawo. A riƙa ɗan jiƙa rairayin gefen gurbin, ba ƙwan ba. A ajiye wa mai kwanci ruwa da tsaba kusa. Tashin da take yi sau ɗaya a rana na ɗan lokaci ba laifi ba ne.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi su tuna nasa kwana 26 zuwa 28 ne. Wanda zai haɗa su a gurbi ɗaya ya fara sa na zabi, bayan mako guda ya ƙara na kaza.

Haska ƙwai, kuma a fasa baragurbi

A kwana na 7 zuwa na 10, da dare, a naɗe takarda kamar bututu a bakin tocila ko fitilar salula, a ɗora gefen ƙwan mai faɗi. Mai rai za a ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo-gizo da ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda haske ya ratsa shi fayau, ko aka ga zoben jini kawai, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. Daga kwana na 18 kada a ƙara taɓa su.

Idan kwana 23 suka cika, ƙwan da ya rage kada a jefar da shi haka nan. A kai shi bayan gida a fasa, domin shi ne zai nuna inda matsalar take:

Gwaiduwa zalla, babu jini: a duba zakara, shekarunsa, ƙafarsa da yawan kajin da ke kansa. Idan bazara ce, zafi ma na iya kashe halittar tun ba ta yi jini ba.

Jini ko ƙaramar halitta: ƙwan ya daɗe ko ya sha zafi kafin kwanci, ko abincin uwar ba ganye, ko yana da fumfuna.

Cikakken ɗan tsako da gashinsa amma bai fito ba: bushewar iska, siririn ɓawo, ƙarancin bitamin, ko kazar tana yawan barin gurbi saboda ƙishirwa ko ƙwari.

Ruɓaɓɓe mai wari: ƙazanta, tsagewa ko wanki.

A binne abin da aka fasa, a wanke hannu da sabulu. Wanda ya yi haka zubi biyu ko uku zai san ko zakara zai sauya, ko abinci, ko wurin ajiya, maimakon ya yanka kazar da ba ta da laifi.

Cuta da ƙwari

Abinci ba ya amfanar kazar da tsutsar ciki ke raba shi da ita. A ba da maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, bisa awon da ma'aikacin dabbobi ya faɗa. Ƙwarƙwata, ƙuma da ƙaramar kaskar da ke ɓuya a tsagar bango ta fito da dare su ne ke tayar da kaza daga kan ƙwai. A share akurki, a liƙe tsaga, a ƙone tsohuwar ciyawar gurbi bayan kowace ƙyanƙyasa, a tanadi wurin toka da rairayi inda kaji za su yi birgima.

Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin gari lokacin hunturu, ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido wanda ake maimaitawa kowane wata huɗu. Kazar da aka yi wa rigakafi tana zuba kariya a cikin gwaiduwa, wadda ke tsare ɗan tsako makonninsa na farko. Ana samunsa ta ma'aikatar kiwo ta gunduma, ko wurin likitocin dabbobi masu zaman kansu na tsarin SVPP da mataimakansu na ƙauyuka. Maganin mutane da ake kwancewa a zuba a ruwan kaji ba ya hana wannan cutar. Idan kuma kaji suka fara faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatan kiwo nan take. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar ta Magarya a 2006, kuma da ido ba a iya bambanta ta da Niyukasil.

Yadda za a tsara shekara

Da kaka, a watannin Oktoba da Nuwamba, a yi rigakafi, a sauya zakara, a tanadi dusa, tunkuza da busasshen zogale tun suna da arha. Daga nan zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa da kwanci: abinci na nan, ƙwai na ajiyuwa, sai dai a kare ƴan tsaki daga sanyin dare. Da bazara a rage sa kwanci, a ci ƙwan ko a sayar, a mai da hankali ga ruwa, inuwa da ganye. Da damina a koma ƙyanƙyasa, har da ta zabi, a ƙara wa kaji tsaba tun da ƙasa na ba su ƙwari, a kuma ɗaga gurbi daga laima.

Wanda abincinsa bai isa dukan garke ba ya zaɓi kaji huɗu ko biyar mafi kyau da zakara ɗaya, ya fara ba su haɗin mako biyu zuwa uku kafin ya soma tara ƙwan kwanci. Idan daga ƙwai goma aka samu ƴan tsaki bakwai ko takwas, aiki ya yi kyau. Idan ba su kai shida ba sau biyu a jere, a fasa baragurbin, a faɗa wa ma'aikacin dabbobi na kusa abin da aka gani a ciki.